In Wuta Ta Ɗauke, Wa Zai Ɗauki Hasara?

Masu kuɗin ƙasashen waje ba sa kafa ma'aikatar narka sanholo sai sun tabbata akwai wutar lantarki mai araha, wadda ba ta yankewa dare da rana. Dalili kuwa, in wuta ta ɗauke na sa'o'i, narkakken ƙarfe ya daskare cikin tukwane, dukiya ta salwanta.

Mu dubi Gana. Kafin kamfanin Kaiser na Amurka ya yarda ya gina ma'aikatar Valco a Tema, sai da gwamnatin Nkrumah ta yi masa alkawarin wutar madatsar Akosombo da araha har shekara 30. Bashin gina madatsar kuwa, Gana ce ta ci. Aka fara aiki a 1967. Da fari ya zo a 1983, ruwa ya ja baya, aka kashe tukwane, ma'aikata suka zauna gida. A 2004 Kaiser ya sayar wa gwamnati kasonsa, ya kama gabansa.

To, jama'a, baƙo yana iya naɗe tabarmarsa, mai gida kuwa ina za shi? Saboda haka duk ranar da aka kawo mana irin wannan sharaɗi, mu tambaya tun ba a sa hannu ba: in ruwa ya janye, wa zai ɗauki hasara?