Safarar Yara da Matasa: Yadda Take Farawa da Yadda Ake Tare Ta

Safarar mutane ba kasafai take farawa da sata ko barazana ba. Da alheri take farawa, kuma daga hannun wanda aka sani. Dillaliya ta shigo gida da turmin atamfa da sabulu, ta gaishe da uwa, ta yaba hankalin yarinya, ta sake dawowa bayan sati. Sai an saba da ita sannan ta ɓullo da maganar aiki a cikin Abuja: za a sa yarinya makaranta, a tara mata kuɗin kayan ɗaki. A waya ma haka abin yake. Saurayin Facebook ya turo kati, ya saurari damuwar yarinya, daga baya ya ce kada ta faɗa wa kowa. Wannan neman a ɓoye magana shi ne alama mafi muni, domin da shi ake raba yaro da waɗanda za su iya tsawata masa.

Ɗauki misalin garin Sheda, a ƙaramar hukumar Kwali: yana bakin titin Abuja zuwa Lokoja, inda mota ba ta yankewa dare da rana, ga kuma birnin Abuja da ba ya ƙoshi da 'yan aiki. Yarinyar da aka kai aikatau ta wannan hanya, albashinta hannun dillaliya yake shiga, iyayenta ko unguwar da take ba su sani ba. Wasu kuwa nesa ake jan su, ta Kano zuwa Agadas har Libiya, ko Saudiyya da sunan umara. Da an sauka a karɓe fasfo, a ɗora musu bashin da ba ya biyuwa.

Doka tana nan. Bayan yarjejeniyar Palermo ta 2000 kan yaƙi da safarar mutane, Najeriya ta kafa hukumar NAPTIP domin wannan aiki a 2003, da ƙoƙarin ƙungiyar WOTCLEF ta Hajiya Titi Atiku Abubakar. Dokar da aka sabunta a 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Sai dai hukuma takan ji labari ne bayan mota ta tashi.

Shi ya sa babban rigakafi yake ƙofar gida. Kafin a saki yaro, a san sunan mai gidan da za a kai shi da adireshinsa, wani babba ya je ya gani da idonsa, mai unguwa ya shaida, a bar wa yaron hanyar kiran gida. Dillalin gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Malamin da ya ga ɗaliba da sabuwar wayar da ba iyayenta suka saya ba, da direban da ya ga mace ɗaya da yara biyar da ba su san inda za su ba, suna iya kiran NAPTIP a lamba 627. Waɗanda aka ceto kuma a karɓe su ba gori, a mayar da su makaranta ko a koya musu sana'a, domin wadda aka tsangwama a gida ita dillaliya ta fi saurin sake samu.