Inugu: Garin da Kwal ya Kafa, Basakkwace ya Shugabanta



Garuruwan ƙasar Hausa irin su Kano da Katsina sun tashi ne a kan sarauta da ganuwa da kasuwa, Sakkwato kuwa jihadi ne ya kafa ta. Amma akwai garin da ma'adini ya haifa, watau Inugu.

A shekarar 1909 ne wani Bature masanin duwatsu, Albert Kitson, ya gano kwal a tsaunukan Udi. A lokacin, jiragen ƙasa da na ruwa da kwal suke tafiya, ga shi kuwa daga Ingila ake kawo shi. Saboda haka gwamnatin Lugga ta gina tashar jiragen ruwa a Fatakwal, aka fara haƙa a 1915, aka kuma shimfiɗa hanyar jirgi mai tsawon mil 151 wadda ta iso wurin a 1916. Bukkokin leburori a gindin tsaunin mutanen Ngwo su ne harsashin garin. A 1917 aka ba shi matsayin gari da sunan Enugu Ngwo, ma'anar Enugu kuwa da harshen Ibo ita ce kan tudu.

Ba a sami wannan arziki a sauƙaƙe ba. Da farko sarakunan da Turawa suka naɗa, musamman Onyeama na Eke, su ne ke tara leburori, sau da yawa bisa tilas. Ran 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka harbe mahaƙa 21 a Kwarin Iva lokacin da suke neman haƙƙinsu, abin da ya ƙara wa masu neman mulkin kai ƙarfi.

Da yake aiki ne ya tara jama'ar garin, baƙo ya sami wurin zama. Fataken shanu daga Arewa suka kafa zango. Cikinsu akwai Malam Umaru Altine, mutumin Sifawa ta lardin Sakkwato, wanda ya shiga jam'iyyar NCNC. Da Inugu ta sami majalisar birni a 1956, shi ne ya zama Magajin Garinta na farko, alhali mafi yawan masu zaɓe Ibo ne.

Jiragen dizal da yaƙin basasa na 1967 sun durƙusar da haƙar kwal, amma garin ya rayu. Ma'aikacin da ke tantance ɗan gari da baƙo a ofis ya kamata ya tuna da Malam Umaru Altine kafin ya sa hannu.