Wa Ya Ce Ba Zai Ci Zaɓe Ba?

 

Na daɗe ina sa-in-sa da wasu abokan aikina masu koyar da aikin jarida. Har gobe suna cusa wa ɗalibai cewa jaridun Ingila da Amurka su ne ma'aunin adalci, mu nan ne kawai ambulan ke juya alƙalaminmu. Ga wasunsu nan a sahun gaba suna murmushi. To, yau da alƙaluma na zo. Abin da nake cewa shi ne, duk inda ɗan takara ya taso daga ƙasa yana maganar raba arziki, manyan jam'iyyarsa da manyan jaridu ba sa tsayawa muhawara da shi. Bakinsa suke toshewa, sannan su sanar da jama'a cewa ba zai kai labari ba.

Mu ɗauki Jeremy Corbyn. Tun 1983 yake majalisar dokokin Birtaniya, bai taɓa riƙe ko ƙaramin minista ba. Da ya nemi shugabancin jam'iyyar Leba a 2015, da ƙyar da jiɓin goshi ya haɗa sa hannun 'yan majalisa 35 da ake buƙata, wasu ma suka fito suka ce ara masa suka yi don muhawara ta yi armashi. Da aka ga matasa na tururuwa, sai tsohon Firaminista Tony Blair ya ce duk wanda zuciyarsa ke tare da Corbyn, ya je a yi masa dashen wata. Ranar 12 ga Satumba Corbyn ya ci da kashi 59.5 cikin ɗari, tun a zagayen farko.

Yanzu ku ba ni hankalinku. Masu bincike a Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan, wato LSE, ƙarƙashin Bart Cammaerts, sun tattara rubuce-rubuce 812 da jaridu takwas suka buga a kan Corbyn daga 1 ga Satumba zuwa 1 ga Nuwamba na 2015. Tambayarsu mai sauƙi ce: a cikin labarin da aka rubuta a kan mutum, an bar shi ya yi magana? A kashi 52 cikin ɗari, babu ra'ayinsa sam. A kashi 22, an kawo maganarsa amma an murɗe ta ko an yanke ta daga inda ta fito. A kashi 15 an kawo ta, an bi ta da suka nan take. Kashi 11 kacal ne aka bar maganar yadda ya faɗe ta.

Ku haɗa na farko da na biyu: kusan kashi uku cikin huɗu ke nan. Da a ce alƙali ne ya yi zama huɗu a kan shari'arka, biyu ba a kira ka ba, ɗaya tafinta ya juya maka magana, wa zai ce an yi shari'a? Kada kuma wani ya ce ai jaridun masu ra'ayin riƙau ne, irin su Sun da Daily Mail. Guardian da Daily Mirror, da ake ƙirgawa a ɓangaren Leba, suna cikin takwas ɗin. Kuma ku lura da lokacin. Farkon hawansa ne, mutumin bai jagoranci zaɓe ko ɗaya ba, bai yi wani kuskuren shugabanci da za a kama shi da shi ba tukuna. Kwana uku da hawansa aka yi taron tunawa da mazan jiya a majami'ar St Paul's, ya tsaya shiru bai rera taken ƙasa ba. Washegari shafukan farko suka cika da hotonsa baki rufe. Batun mayar da jiragen ƙasa hannun gwamnati da soke kuɗin jami'a, wanda ya jawo masa jama'a, sai a can ciki, in ma an kawo.

'Yan majalisarsa suka ɗora daga nan. A Yunin 2016 suka kaɗa masa ƙuri'ar rashin amincewa, 172 da 40. Aka koma wa 'yan jam'iyya, suka ƙara masa zuwa kashi 61.8. A babban zaɓen 2017, wanda aka yi ta cewa a nan za a binne Leba, jam'iyyar ta samu kashi 40, Firaminista Theresa May ta rasa rinjayenta.

Na san amsar abokaina: ai ya sha ƙasa a 2019, kujeru 202, ga rikicin ficewa daga Tarayyar Turai, ga zargin ƙyamar Yahudawa a cikin jam'iyya. Duk an yi, ban musa ba. Amma rubuce-rubucen nan 812 sun girmi wannan kaye da shekara huɗu. Sai dai in 'yan jaridar Landan duba suke yi.

Na Bernie Sanders a Amurka kun sani, yadda a Maris na 2020 abokan takararsa Buttigieg da Klobuchar suka janye dab da babbar Talatar zaɓen fidda gwani suka bi Biden. Na Zohran Mamdani ma bai yi nisa ba. Yaro ɗan shekara 33 a lokacin, Musulmi, haifaffen Kampala, ya fito takarar magajin garin New York, ya ce a tsayar da ƙarin kuɗin haya, a shiga bas kyauta. Attajirai irin su Michael Bloomberg suka zuba miliyoyin daloli a bayan abokin hamayyarsa Andrew Cuomo, New York Times ta shawarci masu zaɓe kada su sa Mamdani a jerin waɗanda za su zaɓa. Ya kayar da Cuomo a fidda gwani a Yunin 2025, ya sake kayar da shi a Nuwamba, alhali jagoran sanatocin jam'iyyarsa, Chuck Schumer, ɗan New York, bai fito ya ɗaga hannunsa ba.

Mu kuwa ba baƙi ba ne a wannan karatu. A 1951 NEPU ta ci matakan farko na zaɓe a Kano, aka tace ta ta hanyar zaɓen wakilai hawa-hawa, ko mutum ɗaya bai isa majalisa ba. A 1979 talakawan Kaduna suka zaɓi Balarabe Musa na PRP gwamna, ya soke haraji da jangali, majalisar da NPN ke da rinjaye ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa har ta tsige shi ranar 23 ga Yuni, 1981. Ba don nishaɗi takwaransa na PRP, Abubakar Rimi, ya kafa jaridar Triumph a Kano ba.

Yau ma ba sai an murɗe maganar kowa ba. Filayen siyasa a gidajen rediyonmu saye ake yi, minti-minti, sojojin baka su shiga su yi ta yabon mai gida. Ɗan takarar da ba shi da uban gida, ba a ma san ya fito ba.

Abin da nake nema tsoho ne, na sha faɗa a tarurrukan ƙungiyar 'yan jarida. Kowace tasha ta ware fili kyauta, daidai wa daida, ga duk ɗan takarar da hukumar zaɓe ta tantance, kuma duk shirin da aka biya a faɗi wanda ya biya. Edita ya hana wakilinsa rubuta cewa wane ba zai ci zaɓe ba, sai in ya kawo hujjar da ta wuce hirar manya a falo. Ku kuma ɗaliban da ke neman abin rubuta kundin digiri, ga aiki: ku je Gidan Arewa a Kaduna, ku nemo New Nigerian daga Oktoban 1979 zuwa Yunin 1981, ku ƙirga mana labarai nawa aka buga a kan Balarabe Musa, kuma a nawa ne aka bar shi ya yi magana da bakinsa. Ni zan duba kundin kyauta.