Shekarun Amincewa: Dokar Abuja Daban, Ta Jiharka Daban



An ba ni minti goma, don haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Maganar da na zo da ita mai nauyi ce a baki, amma gara mu faɗe ta a nan da mu faɗe ta a ofishin 'yan sanda. Idan wani ƙato ya lalata yarinya, ya zo kotu ya ce ai da yardarta, shekara nawa doka ta ce sai yarinya ta kai kafin a saurari wannan magana tasa?

Da yawanmu za mu ce 18. To, haka ne kuma ba haka ba ne.

A 2003 Majalisar Tarayya ta yi Dokar Kare Haƙƙin Yara. Ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, sashe na 31 kuma ya tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya sadu da yaro ko yarinya. Amma fa wannan doka kai tsaye Abuja kaɗai ta ɗaure. Sauran jihohi, sai majalisar kowace jiha ta zauna ta yi tata. Haka ma dokar VAPP ta 2015 da ta hana cin zarafi.

Ga kuma tsofaffin kundaye nan daram. Pinal Kod da Arewa ta gada tun 1960, a sashe na 282, ya ce in yarinya ba ta kai 14 ba, ko ta yarda ko ba ta yarda ba, fyaɗe ne. Kiriminal Kod na Kudu ya yi hawa biyu: ƙasa da 13 ɗaurin rai da rai, daga 13 zuwa ƙasa da 16 hukunci mai sauƙi. Kun ga ke nan yarinya 'yar shekara 15, kariyar da take da ita ta danganta da jihar da take da kuma dokar da mai gabatar da ƙara ya ɗauko.

Na san wani zai ce, ina batun aure? Wannan wata muhawara ce, kuma mun tuna yadda ta yi zafi a Majalisar Dattawa a 2013, lokacin da Sanata Ahmed Sani Yarima ya tsaya a kan sashe na 29 na tsarin mulki. Malamai da 'yan majalisa su ci gaba da tattauna ta. Ni yau ina magana ne a kan 'yar talla da aka ja cikin kango, wadda babu malamin da zai ce a ƙyale wanda ya cuce ta.

Jiha kuwa tana da iko in ta ga dama. A 2020 Kaduna ta gyara kundinta, ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ƙasa da 14 fyaɗe. Ko ka yarda da tsananin ko ba ka yarda ba, ka ga dai inda wuƙa da nama suke.

Don haka abu biyu nake roƙo. Na farko, ɗan majalisar jiharku in ya zo neman ƙuri'a, kafin ya raba atamfa ku tambaye shi: shekara nawa dokar jiharmu ta ce, kuma me ka yi a kai? In ya fara inda-inda, kun san wanda kuke shirin turawa.

Na biyu, iyaye, don Allah a yi wa yara takardar haihuwa a Hukumar Ƙidaya. Alƙali da hujja yake aiki. In lauyan wanda ake tuhuma ya ce yarinyar nan ta kai 18, ba "an haife ta shekarar ambaliya" za ki kai gaban kotu ba.

Allah Ya tsare mana zuri'a.