Gangamau da Taurin Hanta



Idan ciwon hanta nau'in B ya daɗe a jiki, waɗansu ƙwayoyin halitta na cikin hantar sukan yi ta saƙa tabo har ta taurare. Masana sun raini waɗannan ƙwayoyi a kwanon gwaji, suka zuba musu sinadarin kurkumin da aka tatso daga gangamau, sai saƙar ta ragu. To, amma kwano ba mutum ba ne. Kaɗan ne hanjinmu yake tsotsa daga sinadarin, kuma an sami waɗanda yawan shansa ya lalata musu hanta. Saboda haka kada ɗokin saiwa ya hana mu gwajin jini da allurar rigakafi, wadda Nijeriya ta sa cikin rigakafin yara tun 2004.