Jawabi Kan Jakar Ruwa A Saifar Yara



Yau maganarmu kan saifa take. Ita dai saifa tana gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Aikinta tace jini da yaƙar ƙwayoyin cuta. A wurinmu, da zarar saifar yaro ta kumbura sai mu ce zazzaɓin cizon sauro ne ko sikila, kuma galibi hakan ne. To amma akwai wata larura da ba kasafai ake ganinta ba, wato jaka mai ruwa wadda ake haihuwar yaro da ita a cikin saifa. Ba sammu ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne.

Sau da yawa ba ta damun yaro sai ta girma. A lokacin ne zai riƙa kukan ciwo a gefen hagu, ya ci loma biyu ya ce ya ƙoshi, wani lokaci ciwon ya kai har kafaɗa. Hoton ciki ne ke nuna ta. Likita kan auna jini kuma, don akwai wata jakar da tsutsar karnuka da tumaki ke kawowa, ita maganinta daban.

Idan jakar ba ta kai santimita 5 ba kuma ba ta ciwo, yawanci sa ido ake yi ana maimaita hoto. In ta wuce haka ko tana damun yaro, sai tiyata, don tana iya fashewa jini ya zuba a ciki, ko ta yi ruɓa. Zuƙe ruwan da allura kawai ba ya wadatarwa, yakan dawo.

A da, cire saifar ake yi ɗungurungum. A 1952 wasu likitoci biyu a Amurka, King da Shumacker, suka nuna cewa jariran da aka cire wa saifa kan kamu da mummunar cuta a jini. Shi ya sa yanzu ake ƙoƙarin yanke ɓangaren da jakar take, a bar wa yaro aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu. Akan kuma yaye saman jakar ta ƙananan huji, sai dai wannan ya fi saurin dawowa.

In dole ta sa a cire duka, a yi wa yaro allurar rigakafi mako 2 kafin aikin, ya riƙa shan penisilin yadda likita ya tsara, ya kwana cikin gidan sauro. Zazzaɓi kowane iri, ko da tsakar dare ne, a garzaya asibiti.

Roƙonmu, jama'a, kada a kai yaro wurin wanzami a yi masa tsaga ko ƙaho a ciki. Akwai likitocin tiyatar yara a asibitocin koyarwa na Ibadan da Legas. Wanda abin ya fi ƙarfinsa, mu haɗa hannu mu tallafa masa.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiya sauƙi. Wassalamu alaikum.