Ƙasar Kabi Jiya da Yau: Fadama, Tudu da Bakin Iyaka

(Jawabi ga manoman ikkilisiyoyin ƙauyuka na yankin Birnin Kebbi da Argungu)

Mun san wasunku sun baro aiki a gona, don haka ba za mu ja magana ba. Kusan duk ƙauyen da muka shiga tambaya ɗaya ake yi mana: a sa dukan ƙarfi a shinkafa ne, ko kuwa a'a? Kafin mu amsa, bari mu waiwayi ƙasar da muke nomawa.

Tun ƙarni na 16 Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi, ya zauna a Surame. Daga baya sarauta ta dawo Birnin Kebbi, har shekarar 1805 da mayaƙan jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci garin. Kabawa suka koma Argungu, aka yi ta gwabzawa da Gwandu da Sakkwato shekara da shekaru. Bikin kamun kifi na Matan Fada da duniya ta san mu da shi ya ɗauki kamanninsa na yanzu ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, alamar gaba ta ƙare.

Me ya riƙe mutane cikin waɗannan shekaru na yaƙi? Gona biyu. Gulbi yakan cika sannu a hankali da damina, ya malala fadama, jar shinkafar gargajiya tana bin ruwa tana tsawo. Idan ruwa ya janye ya bar laka da kifi a tafkuna. A tudu kuma ga gero, dawa da wake. Shekarar da gulbi ya ci fadama, tudu ya ciyar da gida. Shekarar da damina ta yi gardama a tudu, fadama ta rufa asiri. Magidanci bai cika yarda ya rasa ɗaya cikin biyun ba.

Iyaka kuwa baƙuwa ce. Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyinsu na 1898, 1904 da 1906, ba su tambayi kowa a nan ba. Aka raba Arawa, wasu a Kangiwa wasu a Dogon Dutsi. Aka raba Dendawa, wasu a Kamba wasu a Gaya. Gishirin Fogha da kakanninmu ke saye da hatsi ya wayi gari a ƙasar Faransa. Har yau Jihar Kebbi, wadda aka yanke daga Sakkwato a 1991, tana iyaka da Nijar da Benin, kuma da yawa cikinmu muna da dangi a can.

To, ga abin da ya canza, kuma a nan muke so ku saurara da kyau. An gina madatsar Bakolori a ƙarshen shekarun 1970, sannan ta Goronyo a kan gulbin Rima a shekarun 1980. Daga nan cikar gulbi ba ta hannun damina kaɗai. Wata shekara ruwa ba ya isa bakin fadama, wata shekara kuma idan madatsa ta cika aka saki ruwa, sai ya iso gaba ɗaya. Dattawa a nan ba su manta ambaliyar 2010 ba, kuma ta 2020 kowa ya gani da idonsa, shinkafa ta kusa nuna ruwa ya shanye ta. Mutane suka koma noman rani da injin ban ruwa da ƙananan rijiyoyi a fadama. Wannan ci gaba ne, ba mu musu. Amma inji fetur yake sha, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023 kun fi mu sanin abin da ban ruwa ke ci.

A Birnin Kebbi ne aka ƙaddamar da shirin bashin noma na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamba 2015. A 2016 shinkafar haɗin gwiwar Kebbi da Legas ta shiga kasuwa, a 2017 aka buɗe kamfanin casa na WACOT a Argungu. Da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, shinkafar gida ta yi daraja. Mun ga gidajen da suka yi rufin kwano, mun ga yaran da suka koma makaranta da kuɗin shinkafa, mun yi murna tare da ku. Amma wannan rufewar ce ta tsayar da mai dabbobi da mai ƙaramin ciniki a Kamba. An sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, sai Maris 2024 aka buɗe. A 2024 ɗin kuma gwamnati ta ɗage haraji na ɗan lokaci kan shigo da wasu kayan abinci, bayan haka farashin shanshera ya sauka, taki kuwa bai sauka ba.

Ku duba, 'yan'uwa. Ƙofar madatsa ba a hannunmu take ba. Ƙofar iyaka a Abuja da Yamai ake buɗe ta ake rufe ta. Kuɗin mai ma haka. Shinkafar sayarwa tana rataye da waɗannan uku. Geron da ke rumbu bai rataya da ko ɗaya ba.

Saboda haka amsarmu ita ce: ku noma shinkafa, amma kada ku saki tudu. Abin da ya fi damunmu a zagayen da muke yi shi ne magidancin da ya jinginar da gonar tudu don ya ƙara fili a fadama, ya ci bashin taki da mai, ranar girbi ya sayar da komai a masussuka don masu bashi na tsaye. Watan Yuli na zuwa sai ga matarsa a kasuwa tana awon gero da tiya, a farashin da ya fi na kaka nesa ba kusa ba. Mata ne suka fara nuna mana wannan, kuma sun yi gaskiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga abin da muke roƙo kafin shuka. Kowane gida, miji da mata tare, su zauna su lissafa buhu nawa na gero da dawa suke ci daga kaka zuwa kaka, a ware gonar da za ta kawo shi tukuna, sauran ƙarfi ya tafi shinkafa. Wanda zai karɓi bashi ya sa a karanta masa takarda a gaban shaida kafin ya dangwala hannu, ya san buhu nawa zai mayar idan ruwa ya ci gonar. Inda ikkilisiya ke da rumbun tsimi, a zuba hatsi tun kaka yana araha, a sa mata cikin masu riƙe makulli da littafi, kuma maƙwabcinmu Musulmi ko Bafulatanin ruga da ya zo awo da bazara a auna masa da tiyar da ake auna wa kowa. Gulbi ɗaya muke sha.

Ƙauyukan bakin gulbi kuma, kowanne ya zaɓi mutum biyu masu waya da rediyo da za su riƙa bin sanarwar sakin ruwa daga watan Agusta, su sanar da mai gari da majami'a. Ku ba mu sunayensu kafin ku tashi yau, sai mu haɗa su da na ƙauyukan da ke sama da ku a gulbi.